Maharazu Ya Shiga Yahudanci

Dagenham, London
12 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga Kawu Hambali Mailafiya, Funtuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina yi muku barka da Salla. Ina fata kana lafiya, da Inna, da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ni lafiya ƙalau nake, sai mura da ta tarbe ni tun a filin jirgi, har yau ba mu rabu ba.

Na sami ɗaki a gidan wata Baturiya a nan Dagenham. Kusan kowa a layinmu ma'aikatar motoci yake aiki, ni kaɗai ke fita da jakar littattafai. Kullum tube nake shiga zuwa makaranta, wato jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ka gaya wa Inna ba ya rufta wa mutane, kada ta damu.

Ga abin da ake ciki game da karatu. Ka san gwamnati ta turo ni ne in yi bincike a kan asalin Hausa da harsunan da suke dangi da ita. Na shiga wajen farfesa ina taƙama da Larabcina, tunda shi na yi shekaru ina koyarwa a kwaleji. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce Larabci kaɗai ba zai isa ba, dole in ƙara da Yahudanci, kuma akwai jarrabawa a kansa. Ya haɗa ni da wata dattijuwa, Malama Shoshana, mutumiyar Adan ce ta ƙasar Yaman. A gidanta take koya mini.

Ranar farko ta miƙo mini shayi ta ce, "Bevakasha." Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne "Ba ka sha?" Ban san lokacin da na ce mata da Hausa, "Ina sha mana, Hajiya!" ba. Ashe "bismilla, ga shi" take nufi. Wata rana kuma ta tambaye ni ko ina son lehem. Na tuna lahamu nama ne a Larabci, na gyara zama, yawuna ya tsinke. Sai ga burodi. Amma abin yana shiga. Ta ce in na dage, kafin shekara ta zagayo zan shiga Yahudanci sosai, har in riƙa mafarki da shi.

Maganar tahowar iyali tana nan yadda muka shirya, bayan Babbar Salla. Na yi booking ɗin jirgi. A gaishe mini da surukina Malam Uwaisu da kyau.

Naka,
Maharazu

Na manta. A harshensu kawu shi ne dod, in kuma za a ce "kawunsa" sai a ce dodo. Da na ji na tuna da kai, na yi ta dariya.

*

Funtuwa
3 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga Maharazu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in har wannan halin da ka jefa mu ciki ana kiransa lafiya. Ƙafar uwarka ta sauka, amma yanzu hawan jini ya hau.

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Kamar yadda na saba tun ina fosmasta, ban ɓoye ta ba, na tara mutane a zaure na karanta da ƙarfi, don kowa ya ji ɗanmu yana Ingila. Surukinka Liman Uwaisu yana zaune a damana. Na karanta maganar mura, aka ce Allah ya sawwaƙe. Na karanta maganar jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka yi mamaki. Da na zo kan "zan shiga Yahudanci sosai", na so in tsallake, amma bakina ya riga ni. Malam ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, ko sa su bai tsaya yi ba.

Maharazu, me muka yi maka? Uwarka Yaya Hansai ta raine ka da kuɗin ƙosai, ka sauke Alƙur'ani, ka zama malamin Larabci, sai yanzu da burodi da shayi wata tsohuwa za ta saye ka? Ko naman ma ba ta ba ka ba, da bakinka ka faɗa.

Washegari Malam ya aiko aka ɗauke matarka Karimatu daga ɗakinta. Ya ce 'yarsa ba za ta taka jirgi ba sai ya san addinin mijinta. Yarinyar tana kuka tana cewa ita ta san ka, ba haka kake nufi ba, amma wa zai saurare ta? Wannan bukin da ka ce ka yi wa jirgi, ban san ko na mene ne ba, amma ka fasa shi, ba lokacin buki ba ne.

Alhaji Almu, ɗan ƙanwar matata, wanda Allah ya buɗa wa a kwangilar siminti, zai zo London sayayya cikin watan gobe. Na ba shi adireshinka, na ce ya duba mini kai da idonsa. Ka ba shi amsa a rubuce, kalma ɗaya tak nake so: ka shiga ko ba ka shiga ba?

Batun dodo kuwa, na ji. Ni na goya ka zuwa asibiti lokacin da kunama ta harbe ka. Allah ya shirya.

Kawunka,
Hambali Mailafiya, tsohon fosmasta

*

Funtuwa
19 ga Janairu, 1976

Maharazu,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka cancanci doguwa ba. Uwarka tana nan, abinci sai an matsa mata. Ni ma ciwon baya ya tashi.

Salla ta zo ta wuce, ba wasiƙa, ba waya. Kullum sai na leƙa gidan waya, yaran da na koya wa aiki suna kallona suna girgiza kai. Shirun nan naka ya fi maganarka muni.

Alhaji Almu ya dawo, ya kuma ba da labari a gaban Malam. Ya ce ya je masaukinka ranar Juma'a da yamma, Baturiyar ta ce kana gidan tsohuwar nan, ta rubuta masa kwatance. Ya ɗauki tasi ya je. Ya ce ya same ka a kan tebur tare da su, an kunna kyandir alhali akwai lantarki. A kanka akwai wata 'yar ficiciyar hula da ko tsakiyar kai ba ta rufe ba, irin ta maigidan sak. Ya ce maigidan ya yi wata doguwar addu'a a kan burodi, kai kuma ka buɗe baki ka ce amin, da kunnensa ya ji. Na tambaye shi ko ka ba shi saƙo, ya ce shi dai bai tuna ba, kansa ya ɗauki zafi.

Malam ya nemi a kawo masa wani littafi na hukuncin aure. Ka san abin da wannan ke nufi. Na roƙe shi ya jira har ƙarshen watan Maulidi, ya yarda da ƙyar, albarkacin zumuncin kakanninmu.

Karimatu ta saci jiki ta zo wurina jiya. Ta ce in rubuta maka cewa ita ba ta yarda da maganar kowa ba, amma in gaskiya ne, ka dawo mata da hotonta. Ta faɗa tana share hawaye da bakin mayafi. Ni dai na rubuta.

Hambali

*

Dagenham, London
2 ga Fabrairu, 1976

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, Allah ya ba ta lafiya, ya kuma yafe mini tashin hankalin da na jawo mata. Ni tun da takardarka ta biyu ta iso ban iya cin abinci ba.

Ga kalmar da ka nema: ban shiga ba. Wallahi ban shiga ba. Harshe nake koyo, Kawu, harshe! Sunansa na gaskiya Ibrananci. Na rubuta Yahudanci ne don na ga kamar shi za a fi ganewa a gida, yadda muke cewa Turanci da Larabci. Wanda ya koyi Turanci ai ba ya zama Bature, ga ka nan kai kanka shaida. Booking kuma ba buki ba ne, kama kujerar jirgi ne, yanzu ma an yi cancel, wato an soke.

Amsa kuwa na rubuta ta tun cikin Disamba, doguwa, na damƙa wa Alhaji Almu hannu da hannu. Jiya na je flat ɗinsa, wato masaukinsa da ke kusa da Charing Cross, mai gadin gidan ya buɗe mini. Na sami wasiƙar a aljihun kwat ɗin sanyin da ya bari a rataye, tare da ɓawon gyaɗa.

Abin da ya gani kuma, ya gani, amma bari in warware. Daren Asabar babban dare ne a wurinsu, kyandir al'adarsu ce, sun gayyace ni cin abinci ne don sun ga ina ramewa. Ba sa cin alade, yankansu kuma ka san hukuncinsa a littafi, Malam ya fi ni sani. A duk garin nan a teburinsu kaɗai nake cin nama hankalina kwance. Hular nan kuwa ita ce wadda iyali ta saƙa mini da hannunta. Baturiyar gidanmu ta jefa ta cikin injin wanki da ruwan zafi, ta fito kamar murfin kwalba, ni kuma na kasa yar da ita. Amin ɗin ma gaskiya ne. Mutumin ya gode wa Allah da ya fitar da abinci daga ƙasa, na gane kalmomin, murna ta kama ni don karo na farko ke nan da na fahimci jimla sukutum ba a fassara mini ba. Me zan ce in ba amin ba? Abin da Alhaji bai faɗa muku ba shi ne shi ma ya zauna, ya ci, ya ƙara, har ya tambaya ko ana sayar da miyar.

Ranar darasi na kasa karanta ko layi ɗaya. Malama ta cire tabarau ta ce, "Maharazu, yau jikinka ne kawai ya zo. Me ya faru?" Na gaya mata komai. Ta yi dariya har ta riƙe tebur, da ta ji an ɗauke mini mata kuma sai dariyar ta tsaya cak. Ta ce, "Surukin naka yana jin Larabci?" Na ce limami ne. Ta ce, "To ba ni adireshi. Tsofaffi ne za su yi magana, kai koma kan karatunka." Ta ce da Larabci za ta rubuta masa, ta hannunka, da kanta kuma za ta jefa a akwatin gidan waya, ba ta yarda da aljihun kowa ba.

Ka gaya wa mai hoto, hoto yana nan inda yake, ba ya zuwa ko'ina.

Ɗanka,
Maharazu

*

Funtuwa
8 ga Maris, 1976

Zuwa ga ɗana Maharazu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Uwarka ta cinye kwanon tuwo jiya har ta nemi ƙari. Bayana ma ya yi sauƙi.

Wasiƙarka ta iso, na kai wa Malam. Ya ce wanda ake tuhuma ba ya zama shaidar kansa, a jira ta tsohuwar. Da tata ta iso na buɗe a gabansa, sai muka kalli juna. Ka ce Larabci za ta rubuta. Abin da muka gani wasu baƙaƙe ne masu kusurwa, kamar an jera kujeru da tebura. Malam ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ba Larabci ba ne, a fitar masa da ita daga gida kada ta zama wani abu. Almu ya ce a ƙona. Na ce a aikin gidan waya ba a ƙona wasiƙar da ba a karanta ba.

Sai na tuna da Fasto Matiyu Kambai na cocin bakin tasha. Tun ina aiki nakan ga ana aiko masa da littattafai masu irin wannan rubutu. Na je na same shi. Ya duba ya ce lallai baƙaƙen Ibrananci ne, ya koya a makarantar fastoci. Ya sa tabarau ya fara karantawa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, baƙaƙen na san su, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Ko dai na manta karatuna ne?" Na ce ya daure ya karanta mini da ƙarfi. Yana karantawa na ji wani abu kamar "ila hadratil imam". Na ce tashi mu tafi.

Maharazu, da ka ga zauren Malam ran nan! Ashe Larabcin ne ta rubuta, amma da baƙaƙensu. Fasto yana karantawa bai san me yake faɗa ba, Malam yana ganewa bai iya karantawa ba, ni kuma ina tsakiya ina riƙe da takarda don kowannensu ya ƙi matsawa kusa da ɗan'uwansa. Fasto ya furta kalma a karkace, Malam ya daka masa tsawa ya gyara, Fasto ya ce shi abin da ke rubuce yake karantawa. Kafin a kai tsakiya sun manta da ni, kawunansu sun haɗu a kan takarda. Tun bayan la'asar muke abu ɗaya har aka kusa kiran magariba.

Ga abin da ta ce, yadda Malam ya fassara mana. Ta gaishe shi da girmamawa. Ta ce su ba sa neman kowa ya shiga addininsu, in ma suna nema ba da kai za su fara ba, don sau biyu kake katse mata darasi ka shimfiɗa darduma a falonta, har mijinta ya gane alƙibla. Ta ce kai yaron kirki ne, amma a cikin ɗalibanta kai ne na baya. Kowace kalma sai ka murɗe ta ta koma Larabci, in an gyara maka ka kawo hujja. Ta ce rabin darasi labarin matarka kake ba ta, ta san yadda Karimatu ke dama fura, amma kai har yau ba ka san yadda ake sarrafa aikatau ba. Ta roƙe shi don Allah ya turo maka matarka, ko hankalinka ya dawo jikinka, in ba haka ba za ka faɗi jarrabawa.

Mutane suka fashe da dariya, uwarka tana bayan ƙofa tana hamdala. Malam kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce Fasto ya maimaita wurin "na baya". Aka maimaita. Ya ce, "Surukina? Wanda na koya wa nahawu da kaina? A gaban baƙi?"

To ga hukuncin da ya yanke. Maganar raba aure ta mutu, Karimatu ta koma ɗakinta tun daren. Amma ba za ta hau jirgi ba sai ka ci jarrabawar nan. Ya ce da ya hana ka ne don yana tsoron ka shiga, yanzu kuwa tunda ka fara, ba za ka kunyata Funtuwa ba. Ya kuma ce in gaya maka Larabcin tsohuwar na kasuwa ne, amma maganarta ta masu hankali ce.

Ka dage. Fasto ma ya ce a gaishe ka, ya ce aikatau ɗin nan shi ma su suka kusa kashe shi.

Kawunka,
Hambali Mailafiya

*

Dagenham, London
25 ga Yuli, 1976

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, damina kuma tana albarka. Mu nan zafi ake yi irin wanda Turawa suka ce ba su taɓa gani ba, ciyawa duk ta ƙone, mutane suna ta faɗuwa a tube. Ni kuwa sai yanzu murata ta warke.

Iyali ta sauka lafiya ranar Talata. Na gode, Kawu, na gode da rakiyar da ka yi mata har Kano. Sakamakon da na aiko wa Malam ta waya gaskiya ne, na ci. Ba ni ne na ɗaya ba, kada a ƙara gishiri a zaure, amma akwai mutane a bayana. Wata huɗu na yi ban ba Malama labarin kowa ba. In na buɗe baki zan kawo hujja sai ta ce, "In rubuta wa Liman?" Sai in yi shiru.

Ranar Alhamis muka kai wa Malama saƙon Malam. Ni na ɗauka littafi ne, don ƙunshin yana da nauyi. Da ta kwance sai ga turaren wuta, da ɗan kasko, da takarda da ya rubuta da hannunsa yana gode mata. Na karanta mata, tunda ita ma ba ta iya baƙaƙenmu ba. Ta ɗauki turaren ta shinshina. Sannan ta ce rabonta da wannan ƙanshi tun ranar da suka bar gidansu na Adan, mahaifiyarta takan turara musu kaya da shi. Ta ce a kunna yanzu-yanzu.

Babu gawayi a London, Kawu. Iyali ta ce a bar mata. Ta ɗora kaskon a kan murhun gas har ya yi ja, ta zuba turare da hannun 'yan Funtuwa, ba ta rage ba. Hayaƙi ya cika falo, ya cika bene. Malama tana zaune a tsakiyarsa idonta rufe, hawaye na zuba, tana waƙa a hankali da harshen garinsu. Mijinta yana tari, ya buɗe taga. Maƙwabta suka ga hayaƙi na tuƙaƙowa daga gidan tsofaffi cikin wannan zafi.

Ba mu ankara ba sai jiniya. 'Yan kwana-kwana suka banko ƙofa da tiyo a hannu, babbansu yana ihu kowa ya fita. Malama ta buɗe ido ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce masa ba inda za ta, shekara da shekaru tana jiran wannan hayaƙi, in yana da hankali ya rufe ƙofa kada ya tsere. Mutumin ya tsaya, ya ja numfashi, ya cire hular kwanonsa. Ya tambayi iyali ko a wane kanti ake samunsa, yana so ya saya wa matarsa.

Don haka ka gaya wa Malam saƙonsa ya isa, an kuma gode. In da hali a ƙaro turaren, kashi biyu. Ɗaya na Malama, ɗaya na hukumar kashe gobara.

A gaishe da Inna. Iyali tana gaishe ku.

Ɗanka,
Maharazu